Faifai, Rediyo da Kaset: Waiwaye a Kan Fitattun Waƙoƙin Baka Daga Boɗinga da Shagari

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya karantar da adabin baka a kwalejin horon malamai ya san abin da kan faru idan lokacin rubuta kundin kammala karatu ya yi. Ɗalibi zai zo da waƙar Musa Ɗanƙwairo ko ta Ɗan Anace a cikin wayarsa, ya ce ita yake so ya yi nazari. In aka tambaye shi wace shekara aka ɗauki waƙar, ko a wane gari, ko su wane ne 'yan amshin da ake jin muryoyinsu, sai ya yi shiru. Iyakar abin da ya sani shi ne, wani mai tura waƙoƙi ne ya zuba masa ita a bakin kasuwa. Mu kanmu da muke yi masa tambayar, sau da yawa ba mu da amsarta.

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu waiwayi fitattun waƙoƙin makaɗan Hausa da suka cika kunnuwan jama'a daga wajen 1960 zuwa ƙarshen ƙarni na 20, amma ta wata fuska da ba a faye kula da ita ba, watau fuskar mazubin da waƙoƙin suka iso mana a ciki. Abin da muke son nunawa shi ne, waƙar da muke kira fitacciya a yau rerawa guda ce daga cikin rerawa masu yawa, wadda na'ura ta kama ta ajiye, kuma faifai da rediyo da kaset kowannensu ya bar sawunsa a jikinta. Manazarcin da bai san wannan ba yana iya ɗora wa makaɗi abin da na'ura ce ta yi.

2.0 DALILIN ZAƁEN BOƊINGA DA SHAGARI

Boɗinga da Shagari garuruwa ne da ke kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal zuwa Jega. Dukkansu biyu an fi saninsu da sha'anin karatu da mulki. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga kafin ya koma Gwandu. Shagari ita ce mahaifar Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1 ga Oktoba 1979 zuwa 31 ga Disamba 1983, kuma shi kansa marubucin waƙa ne, domin shi ya rubuta Waƙar Nijeriya tun yana malamin makaranta.

Mun zaɓi garuruwan nan ne a matsayinsu na garuruwan masu saurare. Tarihin waƙa yakan bi makaɗi zuwa fada ko zuwa ɗakin ɗaukar murya, ya manta da manomi da direba da tela da mai shayi, waɗanda su ne suka sayi kaset, suka ajiye shi, suka haddace abin da ke ciki. Aikin duba ɗalibai masu gwajin koyarwa ya sha kai mu waɗannan garuruwa, kuma a nan ne muka sami damar zama da dattawa muna ganin abin da ya rage a akwatunansu.

3.0 HANYOYI UKU DA WAƘA TA BI

3.1 Faifan garmaho

Faifan farko da Hausawa suka sani shi ne mai juyi 78 a minti, wanda kowane gefensa ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti uku. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifai mai juyi 33 da sulusi, wanda gefe guda yake ɗaukar kimanin minti 20. Kamfanoni irin su EMI da Decca, waɗanda ke da ofisoshi a Ikko, su ne manyan masu buga faifai a Nijeriya, kuma makaɗa irin su Mamman Shata Katsina da Ɗanmaraya Jos sun sami shiga faifai a shekarun 1970. Sai dai faifai kayan birni ne da na masu hali. Yana da tsada, ba ya son zafin rana, allura tana ƙarzar sa, ga shi kuma ba a iya ɗaukar wata murya a kansa a gida. Saboda haka a garuruwa irin su Boɗinga da Shagari, mai garmaho ɗaiɗai ne.

3.2 Rediyo

Hanyar da ta fi kai waƙa karkara kafin kaset ita ce rediyo. Gidan Rediyon Kaduna, wanda Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1962, ya tara muryoyin makaɗa masu yawa a kan zaren ɗaukar murya, daga baya kuma gidajen rediyon jihohi, kamar Rediyon Rima ta Sakkwato, suka yi nasu. Shirye-shiryen gaisuwa irin su Zaɓi Sonka sun sa mai saurare ya zama yana da hannu a cikin abin da za a sa. Waƙar da aka fi nema ita ake yawan sawa, wadda ake yawan sawa kuwa ita ke zama a kai. Ta haka ma'aikacin rediyo, wanda shi ne ke zaɓen zaren da zai ɗora da wurin da zai tsayar da shi, ya zama alƙali a kan abin da jama'a za su sani na kowane makaɗi.

3.3 Kaset

Kamfanin Philips ne ya fito da ƙaramin kaset a 1963, amma sai a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya yalwata, rikoda mai aiki da batir ta bazu a ƙasar Hausa. 'Yan ci-rani da direbobi da alhazai masu dawowa daga Makka sun taimaka ƙwarai wajen shigo da ita ƙauyuka. Kaset ya bambanta da faifai ta fuska muhimmiya: kowa na iya ɗauka, kowa kuma na iya kwafa. Mutum na iya ɗauka daga rediyo, ko ya kai rikodarsa wurin biki ko filin dambe ya ajiye ta gaban makaɗi. Mai sayar da kaset a kasuwa kuwa yana da uwar kaset guda, wadda daga gare ta yake ta kwafar 'ya'ya, yana rubuta sunan makaɗi da biro a jikin takardar.

4.0 ABIN DA MUKE KIRA FITACCE

A ƙasashen Turai da Amurka, har ma da kudancin Nijeriya, in ana maganar fitattun waƙoƙin wancan zamani, albam ake nufi, watau tarin waƙoƙi da aka fitar tare, da suna guda, da shekara, da hoto, da sunayen waɗanda suka yi kiɗan. Alal misali, an san Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga ta fito a 1976, an kuma san Juju Music na King Sunny Ade ya fito a 1982. Mai nazarin waɗannan ba ya wahalar neman shekara, domin tana rubuce a jikin kwalin.

Bahaushe mai saurare bai ajiye waƙa a kansa ta wannan hanya ba. In aka tambayi dattijo a Shagari abin da ya fi so, ba zai ambaci sunan wani faifai ba. Zai ce Bakandamiyar Narambaɗa, ko Bakandamiyar Shata, ko waƙar Shago ta Ɗan Anace, ko waƙar Sardauna ta Ɗanƙwairo, ko waƙar Karen Mota ta Ɗanmaraya. Watau dai yana kiran waƙa da sunan wanda aka yi wa ita, ko da gindinta, ko da turkenta. Waƙa ɗaya ɗaya ce ke fice, ba kundi ba.

Makaɗan da suka fi cika akwatunan da muka gani sun kasu gida biyu. Akwai makaɗan fada na ƙasashen Sakkwato da Zamfara da Kabi: Ibrahim Narambaɗa mai kotso, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar III, wanda ya rasu a 1973, Aliyu Ɗandawo mai taushi, Sa'idu Faru mai kotso, da Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991. Akwai kuma makaɗan jama'a da na sana'a: Mamman Shata mai kalangu, wanda ya rasu a 1999, Ɗanmaraya mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015, Muhammadu Bawa Ɗan Anace na 'yan dambe da manoma, Haruna Uji mai gurmi, da Barmani Coge ta kiɗan ƙwarya.

A nan akwai abin lura. Narambaɗa ya rasu tun farkon shekarun 1960, kafin rikoda ta shiga ƙauye. Mafi yawan waɗanda suka haddace waƙoƙinsa a Boɗinga da Shagari ba su taɓa ganinsa ba. Zaren rediyo da kaset ne suka kai musu shi bayan ransa. Ke nan ko da yake rayuwarsa ta rabin farko na ƙarni ce, yaɗuwar sunansa a wajen talakawan da ke nesa da Isa aikin zamanin kaset ne. Haka kuma babu shakka an yi makaɗa gwanaye a zamaninsa da na'ura ba ta riske su ba, suka tafi da waƙoƙinsu. Fice, ashe, yana da ruwa da gwaninta, yana kuma da ruwa da dacewa da na'ura.

5.0 SAWUN MAZUBI A JIKIN WAƘA

5.1 Tsawo

Waƙar baka ba ta da ƙayyadadden tsawo. Makaɗi na da gindin waƙa wanda 'yan amshi ke komawa gare shi, sa'an nan yana jero ɗiya gwargwadon yadda fage ya yi daɗi da yadda kyauta ke fitowa. Na'ura kuwa tana da iyaka: minti uku a tsohon faifai, kimanin 20 a babba, 30 a kowane gefen kaset mai lamba 60, 45 a mai lamba 90. Waƙar da ta fi ƙarfin gefe guda akan datse ta, wadda ta gaza kuma akan cike gurbin da wata. Wata rana a Shagari mun kunna wa wani dattijo waƙar Shago daga wayar wani ɗalibinmu. Ya saurara har ta ƙare, sa'an nan ya ce, "Malam, wagga an yanke ta. Wadda munka sani ta hi wagga tsawo." Ya shiga gida ya fito da kaset, muka ji, sai ga ɗiya da dama da babu su a tamu. Ɗalibin nan kuwa ya riga ya rubuta babi guda a kan yadda makaɗin yake rufe waƙarsa, alhali wurin da ya ɗauka rufewa ce, zare ne ya ƙare wa mai kwafa.

5.2 Daskarewa

Makaɗi ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya. Yau ya sa sunan wannan hakimi domin yana wurin, gobe ya cire shi. Yau ya yi wa wani zambo, gobe an sasanta ya bar shi. Binciken da Ɗandatti Abdulƙadir ya yi a kan Shata, wanda ya gabatar a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, ya tsaya ne a kan makaɗin a cikin jama'arsa, inda waƙa ke tafiya da yanayin taro. Amma da zarar an ɗauki rerawa guda, aka yi ta maimaita ta a rediyo da shagon tela da motar haya, sai ta daskare a kunnen jama'a, ta zama ita ce waƙar, sauran kuma a ɗauke su kamar kuskure. Ɗalibanmu kan kawo rerawa biyu su tambaye mu wacce ce ta gaskiya. Amsar ita ce dukkansu na makaɗin ne, aikin manazarci kuwa shi ne ya jera su ya ga abin da ya tsaya da abin da ya sauya, domin a nan fasahar take.

5.3 Murya da suna

Kaset ɗin da aka kwafa daga wanda shi ma kwafa aka yi yakan rasa tsabtar sauti, har wasu kalmomi su ɓace a ƙarƙashin kiɗa. Rikodar da batirinta ya yi sanyi kuma takan ja zaren a hankali, in da ita aka ɗauka sai muryar ta sirance, kiɗan ya yi sauri idan aka kunna a wata rikodar. Wanda zai yi hukunci a kan raujin makaɗi daga irin wannan kwafi, lalle ya yi hattara.

Sa'an nan akwai rikicin suna. Kiɗan fada gādo ne, 'ya'ya da 'yan amshi kan ci gaba da rera waƙoƙin maigidansu bayan rasuwarsa, kamar yadda aka gani a gidan Ɗanƙwairo da gidan Ɗandawo. Mai kaset yakan rubuta sunan gidan kawai, mai tura waƙa a waya kuma ya kwashe yadda ya tarar. Ta haka ake jingina wa uba rerawar ɗa.

5.4 Karin harshe

Mafi yawan makaɗan fadan da muka ambata da Hausar yamma suke waƙa. Ɗalibi yakan ji "munka" ya rubuta "muka", ya ji "wanga" ya rubuta "wannan", wai yana gyara zuwa daidaitacciyar Hausa. Yin haka yana ɓata ma'aunin gaɓoɓin waƙar, yana kuma shafe shaidar inda makaɗin ya fito. Dattawan Boɗinga da Shagari da wannan karin suke magana, saboda haka kunnensu na kama abin da namu ke tsallakewa, ballantana sunayen mutane da na ƙauyuka da kirarin sarautu.

6.0 YADDA ZA A KINTACI SHEKARA

Sa'idu Muhammad Gusau, a cikin Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, ya sanya sanin salsalar waƙa da lokacin da aka yi ta cikin matakan farko na nazari. Tun da kaset bai zo da shekara ba, tilas mu neme ta a cikin waƙar kanta. Ga wasu tiraku da za a iya ɗaure kintace a jikinsu:

(a) Rasuwar Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ranar 15 ga Janairu 1966. Rerawar da ke yi masa fatan tsawon rai ta riga wannan rana.

(b) Jihar Arewa maso Yamma ta wanzu daga 1967 zuwa 1976, sa'ad da aka kafa Jihar Sakkwato. An cire Kabi a 1991, Zamfara kuma a 1996.

(c) Komawa tuƙi ta hannun dama a 1972, da canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo ranar 1 ga Janairu 1973.

(d) Jam'iyyun Jamhuriya ta Biyu, kamar NPN da PRP da GNPP, daga 1978 zuwa 1983, da yaƙi da rashin ɗa'a na 1984, wanda Ɗanƙwairo ya yi wa waƙa.

(e) Zamanin Sarakunan Musulmi: Abubakar III daga 1938 zuwa 1988, Ibrahim Dasuƙi daga 1988 zuwa 1996, Muhammadu Macciɗo daga 1996 zuwa 2006.

Sai dai a kula da abu guda. Sabon abu a cikin waƙa shaida ce mai ƙarfi, tsohon abu kuwa shaida ce mai rauni. In makaɗi ya ambaci naira, mun tabbata rerawar ba ta riga 1973 ba. In ya ambaci fam, ba mu tabbata komai ba, domin Bahaushe ya daɗe yana kiran naira biyu fam guda, kuma makaɗi na iya riƙe tsohon ɗa a cikin sabuwar rerawa. Har ila yau, wajibi ne a raba shekarar da aka ƙagi waƙa da shekarar da aka ɗauke ta, domin tsakaninsu na iya kai shekaru masu yawa.

7.0 SHAWARWARI

Tun daga ƙarshen shekarun 1990 waƙoƙin fiyano na finafinan Kano suka karɓe kasuwa, daga baya faifan CD da katin waya suka ture kaset. Abin da ya rage yana cikin adaka da akwatunan ƙarfe, zafi da ƙura da damshin damina suna cin sa, masu shi kuma suna manyanta. In mai akwati ya rasu, kaset ba ya cikin abin da magada ke rabawa, yara ne ke zare shi su yi wasa. Saboda haka muna ba da waɗannan shawarwari:

Na farko, sassan Hausa na kwalejojin ilimi su mayar da tattara kaset wani ɓangare na aikin ɗalibi. Wanda aka tura gwajin koyarwa Boɗinga ko Shagari ko Yabo, ya nemi aron kaset, a juye shi cikin kwamfuta gaba ɗayansa ba tare da yanka ba, a ɗauki hoton takardar jikinsa, a mayar wa mai shi.

Na biyu, a rubuta bayanin mai kaset: ina ya same shi, wace shekara gwargwadon tunawarsa, saye ya yi ko shi ya ɗauka, a wane biki. Wannan bayani shi ne kwalin albam ɗin da ba mu samu ba, kuma a bakin dattawan nan kaɗai yake.

Na uku, kada a karɓi kundin ɗalibi a kan waƙar baka sai ya faɗi kwafin da ya yi aiki da shi da inda ya samo shi, ya kuma rubuta waƙar da karin harshen da aka rera ta.

Na huɗu, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna nan Sakkwato, Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma sun daɗe da tara irin waɗannan kayayyaki. Kwatanta abin da aka samu a ƙauye da abin da ke gidajen rediyo zai warware rikicin suna da na shekara da yawa.

Na biyar, a tuna makaɗan nan sun bar iyali. Ajiya domin karatu daban, sayarwa daban, kuma ya kamata a nemi yardar magada kafin a watsa abin da aka tara.

8.0 KAMMALAWA

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa fitattun waƙoƙin Hausa na ƙarshen ƙarni na 20 sun iso mana ta faifai da rediyo da kaset, cewa kowace hanya ta taɓa tsawonsu da sautinsu da sunan da ke kansu, da kuma cewa a wajenmu waƙa guda ce ke fice, ba albam ba. Wannan bai rage wa Narambaɗa ko Shata ko Ɗanƙwairo daraja ko kaɗan ba, iyaka dai ya ƙara wa manazarci nauyi. Ɗalibin da muka ambata ya sake rubuta babinsa daga kaset ɗin dattijon nan na Shagari, ya kuma rubuta a farkon kundinsa daga ina rerawar ta fito. Fatarmu ita ce abokan aikinmu a sauran kwalejoji su gwada irin wannan a yankunansu, mu haɗu a taro na gaba mu kwatanta abin da kowa ya samo, tun masu akwatunan suna da rai da za a tambaye su.